Ciyawar Orville Ba Ta Shan Ruwa

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na arewacin jihar Wisconsin ta Amurka ya san abu biyu game da Orville Pasternak: ya tsufa a masana'antar cuku, kuma ciyawar bayan gidansa ta fi ta kowa kore. Na biyun ma ba sai ka tambaya ba, shi zai tare ka ya faɗa maka. A coci ya faɗa, a wurin cin soyayyen kifi ran Juma'a ya faɗa. Matarsa Lorna ta ce ko a jana'izar yayanta sai da ya ja fasto gefe ya ba shi shawarar taki.

Da ya yi ritaya sai ya sayi kwalekwalen kamun kifi mai inji, ya ƙudura sai ya gina masa gareji a ƙarshen filin nan. Hukumar gunduma ta ce babu izini sai an zo an shata inda fadama ta tsaya, don doka ta hana gini a kanta.

"Fadama a gidana?" in ji Orville. "Sun ga kwaɗo ne a falona?"

Duk da haka, kafin ranar da za a zo shatar, ya bi bakin shinge ya tuge kachalla, ciyawar da ke tona asirin fadama, tas, ya aske ciyawa ƙwal kamar kan ango.

Wadda aka turo wata matashiya ce, Jolene Vang, da takalmin roba, da dogon ƙarfen haƙa, da damin 'yan tutoci ruwan hoda. Watan Agusta ne, lokacin zafi a wajenmu, ƙasa a bushe. Ta murɗa ƙarfen ta zaro ƙasa mai ruwan toka da ɗigon tsatsa, ta murza a yatsa.

"Baba, ƙasar nan ta saba kwana cikin ruwa. Amma tsiron fadama ban gani ba, ramin ma babu danshi. Wataƙila tsohon zance ne, wurin ya riga ya bushe."

"Ya bushe ƙamas, 'yata," in ji Orville, har ya fara hango ƙofar gareji.

Sai ga Gus Lindqvist, maƙwabcinsa, ya jingina da shinge da kofin shayi. Tun suna samari suke tsokanar juna, kuma ciyawar Gus a ranar ta yi ja kamar bayan akuya.

"Yarinya, kar koren nan ya ruɗe ki. Tsohon nan ban ruwa yake yi a ɓoye, ko lokacin da aka hana."

Lorna ta taka ƙafar mijinta. Bai ma ji ba.

"Ni? Ban ruwa? Kai Gus, ji tsoron Allah! Tun da na sayi gidan nan ɗigo ɗaya ban taɓa zuba wa wurin nan ba. Shekarar fari ma haka ciyawar take kore shar. Kai da idonka ka ga injin yankan ciyawata ya nutse a nan har wuya a watan Mayu, da motarka muka ja shi! Agwagi fa? A gidan wa suke sauka, naka ko nawa?"

"Naka, mutumina," in ji Gus, ya kurɓi shayi. "Wallahi naka."

Jolene ta goge ƙarfenta a hankali. "To Baba, bari in dawo idan ƙanƙara ta narke."

Ta dawo a Afrilu. Kwalekwalen na kan tirelarsa daidai inda za a yi gareji, ruwa ya shanye tayoyin, wata agwagwa ta yi sheƙa a kujerar direba. Kukan kwaɗi kuwa, sai da Jolene ta ɗaga murya kafin a ji ta. Ta bi ta kafa tutocinta, layin ya lanƙwaso ya cinye rabin filin, ya tsaya dab da igiyar shanyar Lorna.

"Ka huta da gareji," in ji Gus. "Kwance kwalekwalen kawai ka shiga."

Orville ya yi mako bai fito cin kifi ba. Da ya fito, mutane suka yi shirin yi masa jaje. Shi kuwa ya ja kujera, ya dubi teburin Gus.

"Kun san yarinyar nan ta zagaye gundumar nan kaf? Ta ce ba ta taɓa ganin fadamar gida mai kyan tawa ba."

Lorna ta ce ita dai ba ta ji an faɗi haka ba. Kwalekwalen yana nan ƙarƙashin tamfol, agwagwar ta ƙyanƙyashe.