Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Yayana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da bazarar da na kira wanzami gidanmu a Mawashi.

Yayana malamin allo ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Sai ya zamana yana cikin biya karatu harshensa ya yi nauyi, alƙalami ya suɓuce masa, can kuma ya warware kamar ba shi ba. Daga Kankia aka tura mu Kano, aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ce hanyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun kusa toshewa. Za su ɗauko jijiya daga gefen kunnensa su jona ta ciki, jini ya samu sabuwar hanya. Ya ce mu dawo bayan wata guda, kafin nan ban da azumi, ya yi ta shan ruwa.

Ni kuwa sarkin iyayi, abin da na riƙe kawai shi ne jini ya toshe. A wurinmu kuma mataccen jini ƙaho ake yi masa.

Na ce, "Yaya, in an zuƙe mugun jinin nan, ƙila ba sai an tsaga maka kai ba."

Ya ce, "Likita hwa bai ce haka ba."

"Mi likita ya sani a kan ƙaho? Baba ma duk bazara sai an yi mishi."

Tsoron wuƙa ya sa ya yarda. Ranar Alhamis ce, rana kamar ta dafa mutum, ashe kuma ya ɗauki azuminsa da ya saba bai gaya wa kowa ba. Ana cire ƙaho na huɗu daga ƙeyarsa ya sulale ƙasa, baki a karkace.

A Kano likita ya daɗe yana duban sabon hoton, sannan ya ce, "Malam, ƙwaƙwalwar nan ƙarin jini take nema, ba ragi ba. Wurin da muke son cetowa ya riga ya mutu." Na tambaye shi ko ƙahon ne. Ya ce Allah ne masani. Wallahi amsar nan ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Yau shekara bakwai ke nan. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani, Fatiha ma ta gagari bakinsa. Ni ke yi masa alwala, kuma bai taɓa yi mini kallon tuhuma ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na koyi cewa son mutum daban, sanin ciwonsa daban. Abin da ba ka gane ba, ka tambaya tun kana gaban mai sani. Tambaya ɗaya ce tak, "A yi mishi ƙaho?" Ban yi ta ba.