Goggo Asabe da Tukunyar Iska

Duk wanda ya shiga ɗakin Goggo Asabe a unguwar Sabo ya san tayinta. Kafin ka gama gaisuwa ta zare robar shaƙar iska daga hanci ta miƙo maka: "Bismillah."

Yayar babana ce. Ciwon daji ya sa aka yanke mata rabin huhu, ragowar kuma duk tabo, sai aka sallamo ta da tukunyar oksijin mai tsayin mutum. Likita ya ja ni gefe ya ce rayuwarta na cikin tukunyar nan, kada a yi wasa da ita. To, Goggo ba ta taɓa sa abu a baki gaban baƙo ba tayi ba, ba ta kuma ga dalilin da hanci zai bambanta ba.

Ran da likitan ya leƙo duba ta, shi ma aka miƙa masa.

"Mama, dis one no be food o!" in ji shi, wai ai wannan ba abinci ba ne.

"Ɗan nan, kai ka san cikina fiye da kowa. Kai zan yi wa rowa?"

An hana ta kusantar wuta, ita da ta shekara talatin tana suyar ƙuli-ƙuli. Sai ta sa aka ja gadonta bakin taga, tana sauraren kasko daga can. "Hajara, ya ƙone!" Matata ta duba, wallahi ya ƙone.

Muka bi baƙi muna roƙo su riƙa cewa alhamdulillahi. Kowa ya kiyaye, ban da Malam Sule, wani ɗan dako daga tashar Ojoo mai fama da tari. Ya karɓa ya zuƙa, har da lumshe ido. Tana nan tana haki, leɓɓanta sun yi duhu, ni kuwa tsoro ya kama ni.

"Goggo, za ki kashe kanki!"

"Bar shi ya ƙoshi. Iskar ta ubanka ce?"

Ƙaninta ne uban nawa, in ji ta, tana da ikon zagi. Ba ta bar mu mun huta ba sai da muka kai Sule asibiti.

Watanni aka ɗiba mata, ta yi shekara tara. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Ranar ƙarshe na shigo da hantsi, magana ta gagare ta. Na ga hannunta yana lalube wajen hanci, na zaci robar ce ke damunta. Ashe ni take miƙo wa.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya shaƙar da ita iskar Aljanna ba da roba ba.