Gorar Rubutu a Ƙofar Filin Ƙwallo

Shekarar da auduga ta yi mana kyau a Wad Haddad, babban ɗana, wanda ke aikin gwamnati a Damazin, ya ce sai ya kai ni Masar na huta. Ban san hutun da ya wuce inuwar bakin tur'a ba, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu, amma na bi shi. Muka tafi da matarsa da jaririnsu, angon kakarsa, wanda ko haƙori bai fitar ba.

Aka fara kai mu ganin dala. Duwatsu ne na mutanen da suka shuɗe, Allah ya ishe mu wa'azi. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne hannayen mutane. Kowa ya ga yaron sai ya ja masa kumatu, wanda ya gama cin kifi da wanda ya gama riƙe akalar raƙumi, ana ta yabon ƙibarsa da idanunsa. Na kasa kunne, ban ji mai cewa masha Allah ba. Kafin magariba jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono.

Uwarsa ta ba shi maganin likita, sannan ta durƙusa ta roƙe ni na yi masa rubutu. Tawada da alƙalami ba sa barin aljihuna, amma allo yana gida. Na wanke farantin tangaran na masauki, na rubuta ayoyin tsari, na wanke a wata gorar roba da muka shanye ruwanta. Ya sha kaɗan, ya yi barci. Sauran na ce na gobe ne.

Washegari da la'asar ɗana ya ce akwai wasan ƙwallo, ya riga ya yanki tikiti. Na ce wane mai hankali ke kai jariri cikin ihu. Ya yi dariya, ya ce a gidanmu ma ihun jikoki ya fi na filin. Na sa gorar a aljihu.

A ƙofa ana laluben kowa. Wani mai gadi ya zaro ta, ya ɗaga ya ga ruwa baƙi-baƙi, ya yamutsa fuska, ya wurga ta cikin kwandon shara. Na leƙa. Guntun sigari, ragowar wake, tsumman majina, yawu. Sunan Allah a kwance cikin wannan.

Na naɗe hannun riga. Ɗana ya riƙe ni, ya ce a hankali, "Baba, ana kallonmu. Bari, ka rubuta wani in mun koma."

Na ce, "Da kai ne a ciki ma, da na ciro ka."

Na zura hannu har gwiwar hannu. Wani abu mai yauƙi ya bi mini yatsu. Na fito da ita. Mai gadin ya ce da gora ba shiga, ko ta wane ne. Na gaya masa da Larabcin yankinmu na Jazira cewa dama ban yi marmarin shiga ba.

Na karɓi yaron daga bayan uwarsa, na ce su shiga. Ta yi jinkiri, ta dubi mijinta, sannan ta miƙo mini zanen goyo. Na sami famfo a wani ƙaramin masallaci, na wanke hannuna da bayan gorar har sai da fatata ta yi zafi. Murfin bai buɗe ba, alhamdu lillahi. Na ɗiga masa a baki, na shafa masa a ka. Ragowar na zuba a gindin wata bishiya inda ƙafa ba ta takawa.

Daga nan muka riƙa jin rurin filin, yana tashi yana faɗuwa. Ango yana wasa da gemuna, zafin jikinsa ya sauka. Da suka fito ɗana ya fara ba ni labarin wanda ya ci. Na ce ya fara nemo mini sabulu, don har lokacin ina jin warin a ƙarƙashin farcena.