Makon Iska a Makarantar 'Yata

Tun ranar da 'yata ta fara taka ƙasa da ƙafarta nake ɗauke da fargaba guda: kada wata rana wani mai kaki ya tsayar da ita ya ce ina takardarta. A Jidda aka haife ta, a wani ɗakin haya a unguwar Hindawiyya, amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don mu iyayenta ba mu da ita. Umara muka zo muka zauna. Babanta yana lodi a wani sito, ni ina suyar ƙosai da safe ana zuwa saye a bakin ƙofa.

Duk uwa irina tana da dokokin da take koya wa 'yarta tare da Fatiha. Kar ki wuce kantin kan kwana. Kar ki ɗaga murya da Hausa a titi. Babbar cikinsu kuwa, kar ki yi gudu. Ko motar askar, 'yan sandan garin, kika gani, ko me kika gani, ki ci gaba da tafiyarki a hankali kamar an aike ki sayen burodi. Wanda ya ruga shi ake bi, ko bai yi komai ba.

Makarantar da take zuwa wata mata ce ta buɗe a gidan haya a bayan layinmu, tana karɓar 'yan mata masu takarda da marasa ita. Mudira muke ce mata, malaman kuma abla. Mudira mace ce mai son a ce ta waye. Turarenta kan riga ta shiga ɗaki, kuma in tana magana da mu iyaye sai ta riƙa duba agogon hannunta.

Wata shekara, bayan na haifi na biyu, wani ƙaninta ya dawo daga Turai da wani babban hoto: wasu dogayen ƙarafa farare tsaye a tsakiyar teku, kowanne da farfela a kansa. Wai iska ke juya su, su kuma su ba gari wutar lantarki. Mudira ta manna hoton a zaure, ta ce za a yi makon iska, kowace abla ta koyar da abin nan a darasinta. Kowace fa, har mai koyar da ɗinki.

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai ɗan na allo, amma ina da ido. A cikin malaman nan babu wadda ta taɓa ganin abin sai a hoton zauren. Ablar lissafi ta ce in kowane ƙarfe yana da fiffike uku, fiffike nawa ne a jere kaza. Ablar Larabci ta sa su rubuta insha'i da bakin iska, wai ni ce iskar teku, ina zuwa ina haskaka gidajenku. Ablar addini ta koya musu addu'ar da ake yi in iska ta taso, ita kaɗai ce ta ba su abin da za su riƙe. Mai ɗinki ta sa suka ɗinka farfela da zare a jikin hankici. Ita kuwa ablar kimiyya ta cika baho da ruwa, ta kafa kara a ciki da farfelar kwali, ta jona fankar ofis a bango ta saita ta a kai.

'Yata ta dawo tana ba mu labari, rabi Larabci rabi Hausa, don Hausarta a kunne take fiye da a baki. Babanta ya saurara har ta gama, ya ce to madalla, wato sai an kunna wuta a sami iska, sannan iska ta kawo wuta. Yarinyar ta ɓata rai. Na harare shi, amma ni ma sai da na juya baya na yi dariyata a kan tukunya.

Da a nan abin ya tsaya da ban rubuta wannan ba. Ana cikin makon sai yarinyar ta zo da saƙo: ranar Laraba za a kai su bakin teku, Kornish, kowa da farfelar kwalinta, a ɗauke su hoto a kai wa wani attajiri da ke taimaka wa makarantar. Muna garin da teku take, amma 'yata ba ta taɓa ganinta ba. Can wurin masu gari ne, fili fetal, ba lungun da za ka shige.

Na sa abaya na tafi wurin Mudira. Na ce mata ranki ya daɗe, kin san halinmu, a bar min tawa a gida. Ta dubi agogo. Ta ce irin wannan tsoron ne ya hana mu ci gaba, ilimi ba ya son ɓuya, kuma duk yarinyar da ke cikin motarta amanarta ce.

"Banati ne," ta ce, ta dafa ƙirji. "'Ya'yana ne duka. Halas, magana ta ƙare, je ki kwantar da hankalinki."

Yarinyar kuma ta kwana biyu tana kuka a kan sai ta je. Na ce to, amma da ni za a tafi. Na bar jaririn wurin maƙwabciyata, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan, don goyo a baya a Kornish tamkar ka rubuta a goshinka daga inda ka fito ne. Aka ba ni riƙon kular ruwa.

Da hantsi muka isa a bas. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san sai rana ta karkata iskar teku ke tasowa, amma su masu makon iska ba su tambayi kowa ba. Teku kwance lumui, zafi ya danne gari, gumi na bin bayanmu a cikin baƙin yadi. Aka jera yara, kowa ta ɗaga farfelarta sama. Ko ɗaya ba ta motsa ba. Ablar kimiyya ta ce su hura da baki. Suka hura har idanunsu suka yi ja. Mudira ta ce hoto ba zai yi kyau ba in ba a ga abin yana juyawa ba.

Sai ta tafa hannu ta ce, "Yalla, ku ruga! Daga nan zuwa fitilar can, ku ruga!"

Wasu suka ruga nan take. Wasu kuwa suka tsaya cak, kuma ina kallo na san 'ya'yan su wa ne suka tsaya. Tawa ta juyo ta dube ni. Kafin in ce wani abu wata abla ta tura ta a kafaɗa, sai ga tarin 'yan mata baƙaƙe suna gudu a bakin titi suna ihu, kwalaye na juyawa a hannunsu.

Ba su kai fitilar ba motar askar ta rage gudu, ta tsaya a bayan bas ɗinmu. Ɗaya ya fito yana gyara hula, ya nufo Mudira. Ina tsaye kusa da ita da kular ruwa, Larabcina kuma ya isa in ji abin da aka ce. Mutumin sallama kawai ya yi, ya tambaya ko wa ke da yaran nan. Mudira ta miƙa hannu ta jawo 'yan ƙalilan da ta san suna da iƙama, ta tara su a jikinta, ta ce waɗannan su ne ɗalibanta. Sauran, wai, ba ta san su ba, yaran unguwa ne suka biyo mota.

Ablar Larabci ta duƙa tana neman wani abu a jaka. Ablar kimiyya ta zuba wa teku ido kamar yau aka halicce ta.

Na ajiye kular a hankali. Na taka, ban yi sauri ba, har na kai wurin 'yata na kama hannunta. Wata ƙaramar yarinya 'yar layinmu ta riƙe min gefen mayafi, na haɗa da ita. Can gefe wasu mata sun shimfiɗa darduma suna shan shayi. Na je na zauna daf da su na ba titi baya, kamar tare muke. Suka dube mu, suka ci gaba da shan shayinsu. Na karɓe kwalayen na tura ƙarƙashin cinyata.

Ashe shi askar ɗin ba ruwansa da takardar kowa. Direban bas ɗinmu ya yi wa magana ya gyara fakin, ya ce wa Mudira a hana yara gudu kusa da titi kada mota ta kwashe su, ya shiga motarsa ya tafi. Ko waiwayen yaran bai yi ba. Mudira ce ta sayar da su tun ba a taya ba.

Motar na ɓacewa Mudira ta gyara mayafi, ta tafa hannu, wai a dawo a jeru a ƙarasa hoto. Ban tashi ba. Ta aiko abla ta kira mu, na ce a gaya mata ba ta san mu ba.

Da aka gama hoton, bas ɗin ya dawo da mu unguwa. Sai da muka hau bene yarinyar ta ce da Hausarta mai tsami, "Ummi, ni ba 'yar makarantar ba ce?" Na ce mata ke ce mana, je ki wanke ƙafarki.

Na riƙe ta a gida kwanaki. Babanta ya bar ni na huce, sannan ya tambaye ni wace makarantar ce kuma za ta karɓe ta ba takarda. Babu. Na mayar da ita da hannuna. Mudira ta tare ni a zaure da fara'a, ta ce ai dabara ta yi don ta kare kowa, mu da ba mu yi karatu ba ba za mu gane ba. Na ce haka ne, ranki ya daɗe. Na gaishe ta, kuma na ci gaba da gaishe ta shekaru, don 'yata na hannunta.

Ga roƙona ga duk wadda ke koyar da 'ya'yan mutane irinmu. Ku koya musu iska, ku koya musu teku, ba mu hana ba. Amma kafin ki saka 'yar wata a mota, ki tambayi kanki me za ki ce in an tsayar da ke an ce ta wace ce. In kin san bakinki ba zai iya cewa taki ce ba, ki bar wa uwarta ita a gida.