Hayatu da Injinan Asibiti

A wata tunga ta bakin gulbi kusa da Maradun aka haifi Hayatu ɗan Maiwada. Tun yana sakandare hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Rediyo ko tocila, duk abin da ya mutu a tungar wurinsa ake kaiwa.

Shekarar da ya gama makaranta gwaggonsa Marka ta faɗo daga kan rumbu ta karye a ƙugu. Da suka kai ta asibiti, sai suka tarar an lulluɓe injin ɗaukar hoton ƙashi da zane.

"Wata bakwai ke nan da injin ga ya mutu," in ji malamin asibiti. "Mai gyara sai an turo daga Turai."

Da lalube aka ɗora ƙashin, ya kama a karkace. A hanyar komawa gida Hayatu ya ƙudura abin da zai karanta.

A jami'a magatakarda ya tambaye shi fannin da yake so.

"Gyara da ƙera injinan asibiti, ranka ya daɗe."

"Babu wannan a nan. Likita ko injiniya? Zaɓi ɗaya, akwai mutane a bayanka."

Ya zaɓi lantarki ba don ransa ya so ba. A shekarar ƙarshe ya nemi yin bincike a kan injin auna bugun zuciya. Sashensu suka ce wannan aikin likitoci ne, likitoci kuma suka ce shi ba ɗalibinsu ba ne. Wani malami ya tausaya masa, ya ba shi adireshin wata jami'a a ƙasar waje da ke koyar da fannin. Hayatu ya rubuta, ya ce a aiko amsa ta hannun Malam Mamuda, hedimastan firamaren tungarsu.

Kafin amsa ta zo, ruwan madatsar Bakolori ya taso. Aka kwashe mutanen tungar, aka mayar da Malam Mamuda garin Damaga. Sai da damina ta yi nisa suka haɗu a kasuwar Talata Mafara.

"Wallahi Hayatu, ban san inda aka maishe ku ba," ya ce, yana zaro ambulan daga aljihu.

Jami'ar ta ɗauke shi. Amma ranar da aka ce ya iso ta wuce da wata biyar. Sau biyu ya sake rubutawa, aka ce an ba wani gurbin.

Ya kama aikin gyaran injinan ban ruwa wajen Bakura, shekara ashirin da shida. Ran Asabar yakan ɗauki akwatin kayan aikinsa ya leƙa asibiti, ya tada fitilar ɗakin tiyata ko tukunyar dafa almakasai, kyauta. Da aka kawo sabon injin numfashi ya ƙi tashi, Hayatu ya roƙa a bari ya buɗe shi.

Shugaban asibitin ya ce, "Injiniya, kawo takardar da ta nuna ka karanta wannan fanni."

Hayatu ya rufe akwatinsa ya fita, ko sallama bai yi ba. Asabar uku bai zo ba. A ta huɗu wata unguwarzoma ta aiko cewa ma'aunin jarirai ya tsaya, sai Hayatu ya hau kekensa yana mita ya tafi.