Hoton Ƙoƙon Kai

A barandar kotu, ana jiyo harbi daga unguwar Chagoua, wani tsohon likita na tsaye cikin koɗaɗɗiyar farar riga. Da gani, ya saba alƙalai su yi shiru in yana magana. Yau rana yake ɗaga wa hoton asibiti na ƙoƙon kai, yana nuna wa uwar wani mamaci ramin harsashi.

"Duba, Hajiya, ta ƙeya ya shiga. Ɗanki gudu yake, ba faɗa ba."

"To me alƙali ya ce, Likita?"

"Wai hoto ba ya rantsuwa. Su kuwa waɗanda suka harbe shi, su shida sun dafa Alƙur'ani cewa faɗa ya yi da su, bindigoginsu jingine a ƙofa."

Tana goge hoton da bakin mayafinta. "Bar mini shi. Ba ni da wani hotonsa."