Ranar da Aka Wanke Kwamfutar Ɗan Farina

Kwamfutar ta ɗan farina ce, Allah ya jiƙansa. Ban yi boko ba, amma na haddace inda ake dannawa har bidiyonsa ya fito, yana gonarmu ta Ruwan Godiya yana yi wa shanun huɗa faɗa. Sai in babu kowa nake kallo, don a wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba.

Da ɗiyata, malamar makaranta a Faskari, ta zo ɗaukar kwamfutar, ta ce tsarin da ke ciki ya tsufa. Za ta sa wani na kyauta, amma sai an wanke komai.

"Inna, akwai abin da kike so in cire miki tukuna?"

Surukanta biyu suna zaune tare da mu. Na ce, "Ni me na sani a wannan abu?"

Ta wanke. Yanzu kullum yabon sabon take yi, wai ba shi da nauyi. Yarinyar ta tambaya, ni na amsa da bakina, kuma babu sauran inda zan ji muryarsa.